Littafin Awo: Wata Bakwai da Hawan Jini

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Neman tabarau ya kai ni asibiti yau. Tun zangon da ya wuce rubutun yara ke yi mini dishi-dishi idan ina duba littattafansu da daddare. Kafin a shigar da ni wurin likitan ido, nas ta ɗaura mini abin awon jini a damtse kamar yadda take yi wa kowa. Ta dubi lambar, ta dube ni, ta ce, "Malama, kina shan maganin hawan jini ne?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce in zauna in huta minti biyar. Awon farko 168/104, na biyu 164/102.

Kaina ba ya ciwo, ba na jin jiri, da ƙafata na tako daga bakin titi cikin wannan hunturu. Na faɗa mata haka har sau biyu. Ta ce yawancin masu shi ba sa jin komai, kuma ba a yanke hukunci da awon rana ɗaya, in dawo bayan mako guda.

Ban gaya wa kowa ba a gida. Na ɗauko sabon littafi mai falle arba'in daga cikin na makaranta, na rubuta lambobin biyu a shafin farko.

Talata, 21 ga Janairu

162/100. Likita ya ce ya tabbata.

Ya ba ni lokaci, Allah ya saka masa. Ya ce lambar sama ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya da shi ne a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa abin da ya rage ne idan ta saki. Wanda aka auna a ranaku biyu dabam aka samu 140/90 ko fiye, ya shiga layi. Ya tura ni gwajin fitsari da na jini, a duba ƙoda da suga da kitse, aka kuma liƙa mini wayoyi a ƙirji aka ɗauki zanen bugun zuciya. Nauyina kilo 84, shekarata 46.

Tambayoyinsa ne suka tono abin da na binne. Ko jinina ya taɓa hawa da ciki? Ya hau, a cikin autana, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, har aka kwantar da ni kwana huɗu. Da na haihu ya sauka, ni ma na sauke maganar. Ya ce macen da ta yi haka ya kamata ta riƙa awo duk shekara, don ta fi sauran mata kusa da kamuwa daga baya. Ban tuna wani ya taɓa gaya mini wannan ba. Ko akwai mai shi a dangi? Na ce Baba ya rasu da shanyewar ɓarin jiki.

Ya rubuta amlodipine, miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum. Na tambaye shi na kwana nawa ne. Ya ce, "Malama, ki ɗauka na zama ne. Ana danne shi, ba a cika rabuwa da shi ba." Wannan jimlar na yi ta juyawa a cikin keke har Tudun Wada. Ban taɓa shan maganin da ba shi da ranar ƙarewa ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na faɗa a gida, kuma abin da na ji tsoro shi ya faru. Inna ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, me ke damunki kika ƙi faɗa?" Yaya ta kira daga Kaduna, bayan gaisuwa sai ta rage murya, "Ko wani abu Malam ya yi miki?" Shi kuwa Malam ya yi shiru tun magariba, sai bayan isha'i ya ce, in akwai abin da yake yi da ke ɓata mini rai in gaya masa don Allah. Na ji tausayinsa ƙwarai.

A wurinmu hawan jini sunan baƙin ciki ne. Idan an ce mace ta kamu, sai a waiwaya a dubi miji, ko kishiya, ko ɗan da ya ƙi jin magana. Ban ce damuwa ba ta taɓa jini ba, tana taɓawa. Amma wannan fahimtar tana cutar da mu ta fuska biyu. Wadda ke zaune lafiya da mijinta ba za ta je awo ba, don a ganinta ba ta da dalili. Wadda kuma aka ce tana da shi, sai a yi ta ba ta haƙuri maimakon a tambaye ta ko ta sha magani. Gado da shekaru da ƙiba da gishiri ba su da ruwa da zaman lafiyar gida.

Daren nan Baba nake ta tunawa. A 2009 ya faɗi a zaure bayan sallar asuba, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Aka ce iska ce ta buge shi. Kwana uku muna hayaƙi da rubutu kafin a kai shi asibiti. Mutum ne mai fara'a, ban taɓa ganin ya riƙe wani a zuci ba, kuma ban taɓa ganin an ɗaura masa abin awo ba sai a gadon da ya yi jinyar ƙarshe. Ya shekara biyu a kwance. Yau na san cewa wanda bakinsa ya karkace ko harshensa ya yi nauyi farat ɗaya, asibiti ake nufa da shi a wannan sa'ar. Allah ya jiƙansa da rahama.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ɗauki adashe, na sayi na'urar awo ta damtse. Mai kemis ya so ya ba ni ta wuyan hannu don ta fi araha, amma likita ya riga ya ce ta damtse ta fi gaskiya. Da na auna damtsena da tef ɗin tela na samu santimita 35, maɗaurin da ke cikin kwalin kuwa iyakarsa 32. Ƙaramin maɗauri yana ƙara lamba, don haka sai da na koma aka canza mini babba.

Ƙa'idar da nas ta koya mini: in yi fitsari tukuna, in zauna a kujera mai jingina minti biyar, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba shayi ko goro rabin sa'a kafin nan. Awo biyu, minti ɗaya tsakani, safe da dare. A gida abin da ake so shi ne ƙasa da 135/85. Minti biyar ɗin nan na shiru ya fi komai wuya a gidan da ake shirin makaranta, don haka na mayar da shi bayan azkar ɗin asuba, kafin yara su tashi.

Babban aikin yana kicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci. Jiya na tsaya na ƙirga abin da hannuna ke zubawa a tukunyar miyar kuka ta mutum takwas: dunƙule shida, gishiri tafin hannu, ɗan garin farin magi, ga kanwa. Wannan miyar dare ce kawai. Ban sa yajin da ake barbaɗawa ba, wanda shi ma da dunƙule aka daka shi, ban sa burodin safe ba, ban sa taliyar leda da yara ke dafawa da ƙunshin garinta ba. Dunƙule kansa galibinsa gishiri ne. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan abin da zuciya ke turawa.

Kanwa ce ta fi ba ni mamaki. Ban taɓa ɗaukarta dangin gishiri ba, ashe sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu a gishiri yana cikinta. Kuma mu a nan Zariya muna da tarihi da ita. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Haihuwa biyar na yi, duk na sha kunun nan kwana arba'in-arba'in, da hannun Inna, cikin ƙauna.

Ban raba tukunya ba. Na ga matan da aka ware musu lami a ƙaramin kwano, ba sa wata guda suke komawa ta gida. Na rage na kowa a hankali: wannan makon dunƙule huɗu, gishiri da cokali maimakon hannu. Na ƙara daddawa, wadda ba a cika mata gishiri ba, da citta da tafarnuwa da masoro da kimba da garin busasshen kifi. Wake kuma ina jiƙa shi tun dare, ya nuna ba tare da kanwa ba. Ɗanwake ne ban sami dabararsa ba, sai dai na mayar da shi sau ɗaya a mako biyu.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na kai littafin asibiti. Matsakaicin mako biyu 148/94. Ya sauka, bai isa ba. Ƙoda lafiya, suga lafiya, kitse ya ɗan haura.

Likita ya ƙara losartan, miligiram 50. Kafin ya rubuta ya tambaye ni ko akwai yiwuwar ciki, don wannan maganin yana cutar da ɗan tayi. Ya ce bayan mako biyu a sake gwajin ƙoda. Raina ya sosu da jin ƙwaya ta biyu, na ce ko na gaza ne. Ya ce mafi yawan masu hawan jini sai da magani biyu suke daidaita.

Ya tambayi abin da nake sha ban da nasa. Na ce diclofenac, idan gwiwa ta tashi. Ya ce in ajiye shi, shi da ibuprofen da irin haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis na ciwon jiki, suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda. Farasitamol ya bar mini.

Azumi saura kwanaki. Ya ce zan iya yi, in sha magungunan a lokaci ɗaya kullum bayan buɗa-baki, in yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur, in kuma jiri ya yi tsanani in auna in zo.

Laraba, 12 ga Maris (12 ga Ramadan)

Zafi ya shigo da ƙarfi. Shekaranjiya a tarawihi na ɗago daga sujada na ga duhu-duhu, sai na ƙarasa a zaune. A gida na samu 116/74. Ranar ban sha ruwan kirki ba, kunu kawai. Tun daga nan nake ajiye gora biyu a gefen sallaya, sai na ga bayansu kafin sahur, kuma ina miƙewa a hankali. Bai sake faruwa ba.

Ƙosai sau biyu a mako, sauran ranaku alala ko dafaffen dankali da kwaɗon zogale. Zoɓo da citta da kanumfari, sukari kaɗan. Masallacin da ya fi nisa nake zuwa da gangan, tafiyar minti goma sha biyar zuwa, goma sha biyar dawowa. Gwajin ƙoda ya fito lafiya. Yanzu dunƙule biyu ne a tukunya, kuma babu wanda ya ƙara cewa miya ta yi salam tun makon jiya.

Talata, 22 ga Afrilu

Shafi biyu na littafin nan babu komai a ciki, kuma dole in rubuta dalili.

Bayan ƙaramar Sallah lambobina sun yi kyau, 128/82, 126/80, kwana da kwanaki. Jikina garau. Ranar 10 ga wata magani ya ƙare, kuɗin hannuna sun tafi a hidimar Sallah, na ce sai an yi albashi. A makon ne wata maƙwabciya, mai ƙaunata ce tsakani da Allah, ta kawo mini jarka ta wani jiƙo, ta ce mai haɗa shi ya ce mako uku ake sha a rabu da hawan jini har abada. Ta ce, "Maman yara, ai Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na asibiti danne ta kawai yake yi." Maganar ta shige ni, don ita ce abin da nake son ji tun ranar da likita ya ce na zama ne. Na fara shan jiƙon. Na kuma daina awo, kuma na san dalili: ba na son na'urar ta faɗa mini abin da zai ɓata wannan fatan.

Jiya da asuba babbar 'yata ta ajiye na'urar a gabana ta ce, "Umma, kwana goma sha biyu ke nan ban ji ƙararta ba." Na ɗaura. 170/106. Na huta na sake. 168/104, daidai lambar ranar farko. Wallahi ko ɗigon ciwon kai babu. Da jikina zan tambaya, cewa zai yi na warke.

Wannan ne ya sa na fahimci ciwon, fiye da duk bayanin da aka yi mini. Gara ce a cikin azara, daga waje itace lafiya lau. Duk wata ukun nan, a can ƙasan zuciyata, ban yarda ina da shi ba, don ban taɓa jin sa ba. Ina shan magani ne kamar mai cika umarni.

Na koma asibiti yau da jarkar a jaka. Likita bai yi faɗa ba. Ya ce ba ya iya sanin abin da ke ciki, kuma abin da ba a san shi ba ƙoda ce ke biyan kuɗinsa. Ya ce zoɓo kansa an yi bincike an ga yana ɗan rage jini, in sha abina, amma ba zai maye gurbin ƙwaya ga mai irin lambobina ba. Ya kuma ja kunnena: in na taɓa ganin 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani ya dushe, ko wani ɓari ya yi nauyi, kada in jira gari ya waye.

Hadisin da maƙwabciyata ta kawo gaskiya ne, na yi imani da shi. Abin da na yi ta tunani a hanya shi ne, wa ya ce magani sai wanda aka sha sau ɗaya aka gama? Tabarau ɗin da na je nema a Janairu yana fuskata yanzu. Bai warkar da idona ba, in na cire shi dishi-dishin na nan. Ban taɓa jin haushinsa ba, kullum da safe nake ɗaukarsa in gode wa Allah da ya sa ina ganin rubutu. Na ajiye kwalin maganin a cikin gidan tabarau ɗin, tare zan riƙa ɗaukarsu.

Na gaya wa Malam komai. Ya ce daga yau kuɗin magani na cikin kuɗin cefanen wata, tare da shinkafa da mai, kuma za a riƙa sayen na gaba tun saura mako guda.

Litinin, 19 ga Mayu

Matsakaicin makon jiya 132/84. Idon sawuna yana ɗan kumbura da yamma, likita ya ce halin amlodipine ne, in riƙa ɗaga ƙafa, in ya ƙaru a duba.

Ranar Asabar, 17 ga wata, na ji a rediyo cewa ranar hawan jini ce ta duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan babba ɗaya cikin uku a duniya na da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Yau na sa na'urar a jaka na tafi da ita makaranta. Lokacin tara na ajiye ta a ofishin malamai na ce duk mai so ya zo. Da farko ana ta noƙewa, wani ya ce shi ba ya son a tono masa abin da ke kwance. Daga baya mutum goma sha ɗaya suka zauna. Huɗu sun haura 140/90, ɗaya daga cikinsu saurayi ne siriri da bai kai talatin da biyar ba. Na rubuta wa kowa lambarsa a takarda, na ce ni ba likita ba ce, awo ɗaya kuma ba hukunci ba ne, su kai asibiti a sake.

A gida Inna ta miƙo hannu ba gardama, 138/78. Malam ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Kalmar da na faɗa wa nas ce a Janairu. Ban matsa ba.

Talata, 10 ga Yuni

Layya ta nuna a littafi. Soyayyen nama da yaji safe da yamma, kayan ciki, romon kai, ga wanda maƙwabta ke aikowa da gishirinsu. Kwana uku a jere 142/90, 144/91, 140/88, alhali ban tsallake magani ko sau ɗaya ba. Na ware kasona na soya da citta da tafarnuwa kaɗai, na koma tuwo da miyar ganye. Yau da asuba 133/84.

Da yamman nan Malam ya zauna a kujerar awo da kansa, ya naɗe hannun riga. 152/96. Ya daɗe yana kallon lambar. Ya cire goron da ke aljihunsa ya ajiye a kan tebur, ya ce a sake gobe kafin ya ci.

Talata, 12 ga Agusta

Ranar asibiti, mu biyu. Nawa matsakaicin wata guda 129/81, nauyi kilo 79, ƙoda lafiya. Magani yana nan yadda yake, kumburin ƙafa bai ƙaru ba. Shi kuma an tabbatar masa tun a Yuli, yana kan amlodipine 5, yau 138/88.

Tafiya ce ta samu tangarɗa. Abin da ake so minti 150 ne a mako, ni kuwa tun da damina ta kankama lungunmu ya zama taɓo, makon jiya minti 60 kawai na samu. Na fara sauka daga keke tun a babban titi in ƙarasa makaranta da ƙafa, amma yanzu ana hutu. Gobe zan gwada zagayen tsakar gida bayan la'asar, in ga ko zan iya minti ashirin.

Daga cikin malamai huɗun nan, biyu sun je asibiti, ɗaya ya fara magani. Saurayin bai je ba tukuna, zan sake yi masa magana idan an koma.

Littafin ya cika, saura rabin shafi. Na sayo mai falle tamanin, na ja layi a tsakiyar kowane shafi, dama nawa, hagu na Malam. Komawa asibiti Talata, 11 ga Nuwamba, da gwajin kitse, kuma an ce kada in karya kafin in je.